Gishirin Don Artidoro

Ranar da masunta suka tsinci Don Artidoro zaune daram a cikin kwalekwalensa, fatsa a hannu, taba a baki, rai kuwa ya daɗe da yin halinsa, kwana ashirin da biyu ke nan Liborio bai sa gishiri a harshensa ba. Saura kwana takwas kacal tsohon ya zo ya kwance shi. Labarin ya iske Orfelinda, matar Liborio, tana ɓare agade a bakin murhu, sai wuƙar ta suɓuce daga hannunta. Ba mutuwar ce ta gigita ta ba, tsohon ya haura tamanin. Abin da ya faɗo mata shi ne, to yanzu wa zai kwance mata miji?

Ku ji yadda abin ya faro. Liborio mahayin aguaje ne. Shekara talatin yana hawa dogon itacen nan da igiya ɗaya a ƙugu yana saro 'ya'yansa, har ranar da igiyar ta ce ta gaji. Ya faɗo, ƙashin cinyarsa ta hagu ya karye can sama dab da ƙugu. Wuni guda aka yi da shi a jirgin ruwa zuwa asibitin gari, aka sa masa ƙarfe da kusoshi, aka sallamo shi da sanduna biyu da gwangwanin fararen ƙwayoyi na ƙarfafa ƙashi. Ma'aikaciyar gashin ƙashi, wata siririyar yarinya mai suna Marleni, ta ja masa kunne da abu uku: ya ci abinci mai gina jiki, ya haɗiyi ƙwayoyin, ya taka ƙafar kullum ko da zai yi kuka.

Kwana goma ya yi yana takawa. A na sha ɗaya ya yi jifa da sandunan.

"Yarinyar da ko kujera ba ta taɓa hawa ba ce za ta koya mini ƙafa? Tsohuwa, kira mini Don Artidoro."

Haka suke kiran juna, Tsoho da Tsohuwa, tun gashin kansu yana baƙi. Ta kuwa je ta kira shi da ƙafarta, kuma wannan kiran ya daɗe yana cin ta a rai.

Don Artidoro mai maganin itatuwa ne, ba wanda ya kai shi a bakin kogin nan. Ya zo da ƙaron renaco, itacen nan da saiwoyinsa ke saukowa daga rassa su nannaɗe duk abin da suka samu, ya dama ya ba Liborio ya sha, ya busa masa hayaƙin baƙar taba a tsakar ka, ya ɗaura masa dieta ta kwana talatin. Ba gishiri, ba sukari, ba mai, ba barkono, ba ƙwai, ba maganin asibiti. Gasasshen agade da kifi ɗaya a wuni, shi ke nan. Ba shiga rana, ba yawo, ya kwanta a ragarsa ta barci mai lilo har ƙaron ya kama ƙashi. Kowa kuma ya san ƙa'ida: wanda ya ɗaura dieta shi ke kwance ta, da ɗan gishiri daga hannunsa zuwa harshenka. In ka kwance da kanka, ta juya maka. Liborio bai buƙaci a ba shi labari ba, da idonsa ya ga kawunsa Meliton, wanda ya karya tasa da naman alade, jikinsa ya yi dabbare-dabbare, ya ƙare rayuwarsa yana gaida itatuwa yana jiran su amsa.

Aka binne tsohon a kan tudu, inda ruwa ba ya kaiwa. Kwana talatin suka cika, suka wuce, aka shiga sittin. Orfelinda ta hau jirgi ta haura kogi zuwa wurin wani mai maganin, ta durƙusa ta roƙe shi. Mutumin ko kallon kajin da ta kai masa bai yi ba. "Doña, ba na kwance ƙullin wani," in ji shi. "Balle ƙullin wanda ya mutu da bakin zaren a hannunsa."

Shi kuwa Liborio sai ƙarewa yake yi a cikin raga. Mutumin da ke sungumar buhun aguaje da hannu ɗaya ya koma ƙashi da fata. Ba ramar ce ta fi tsorata ta ba, shirun ne. Sai ya wuni bai motsa ba, ƙafar hagu a rataye a gefen raga, yatsu na nuna ƙasa, faratan sun yi kauri sun yi launin ɓawon itace. Tururuwa su jeru su hau ƙafar har gwiwa, bai ji ba. Wata rana da hantsi ta shigo ta tarar da ɗan tsuntsu zaune a kan gwiwar yana gyara fiffike, hankalinsa kwance, ko tunanin a kan mutum yake bai yi ba.

"Tsoho, motsa mana, don girman Allah!"

Ya juyo da ido kawai, kansa bai bi ba. "Zama wuri ɗaya akwai daɗi, Tsohuwa," in ji shi a hankali. "Da ban sani ba."

Tsigar jikinta ta tashi, ta fita ta zauna a kan tsanin hawa gidansu ta yi kuka mai isarta.

A kwana na saba'in da ɗaya jirgin ruwan ma'aikatan lafiya ya tsaya a ƙauyen, Marleni tana ciki. Ta hawo gidan da fara'arta, tana ganin Liborio fara'ar ta ɗauke. Ta auna cinyoyinsa biyu da igiyar awo, ta gwada miƙe gwiwar, gwiwar ta ƙi. Sai ta ja Orfelinda waje.

"Doña Orfelinda, ƙashin ya ɗinke, ba shi ne damuwata ba. Naman ne ya zube, jijiyoyin kuma sun fara ƙanƙancewa. In kogi ya cika ya same shi a ragar nan, wallahi ba ni ba, ko babban likita ba zai miƙe ƙafar nan ba."

"Kwana nawa gare ni, 'yata?"

"Arba'in, in na yi miki karamci. Haba Doña, ɗan gishiri ne fa! Barbaɗa masa a kifi ki ce masa an kwance, a wuce wurin."

"Ke 'yar birni ce. Ba ki ga Meliton ba."

Amma da yarinyar ta tafi maganar ta zauna mata. Washegari tana gasa kifi ta ɗebo gishiri tsakanin yatsu uku, ta kai hannu saman kifin. Sai fuskar Meliton ta faɗo mata, yana tsaye gaban itacen ayaba yana cewa "ina kwana" da ladabi. Ta watsa gishirin cikin wuta, ya yi tas-tas-tas.

Daga can cikin ɗaki muryar Liborio ta fito. "Na ji ƙarar. Na gode da kika zuba a wuta."

Gaba kura, baya siyaki. Ta ba shi, ya haukace, ta bar shi, ya gurgunce. Kwana biyu tana juya abin, a na uku da safe ta kawo masa ruwan wanke baki ta zauna a kan kujera 'yar tsugunno, ta shara ƙaryar da ta fi kowace ƙarya girma a rayuwarta.

"Tsoho, na yi mafarki."

"Ke? Ke da in kin kwanta ko jirgi ya bi ta kanki ba ki sani ba?"

"To jiya na sani. Don Artidoro na gani, yana zaune a kan kabarinsa da hularsa ta kaba. Ya ce, 'Gaya wa ragon mijinki ni ba zan sauko ba, ƙafata ta huta. Gishirinsa yana hannuna. In yana so ya hawo da ƙafarsa, ba a ɗauke ba, ba a goye ba.'"

Da ta ga Liborio bai ƙaryata ta ba sai bakinta ya ƙara buɗewa. "Ya ce ka ci kifi har cikinka ya ce ya isa. Da wake."

"Wake?"

"Da wake! Ƙwayoyin yarinyar nan ma ya ce ƙashin kifi ne aka niƙa, ba sa karya komai."

"Rana fa?"

"Ya ce ka sa hula, kai ba gishiri ba ne da za ka narke."

Bai dube ta ba. Bayan kafaɗarta yake kallo, wajen ƙofa, ya karkata kai kamar mai sauraron wani. Har sai da ta waiwaya, ba kowa sai hasken safiya da kaza tana wucewa. Can ya ce, "To."

Ranar ta ƙirga hanyar da ƙafarta, daga gindin tsanin gidansu zuwa kabarin tsohon: taku ɗari shida da arba'in, ɗari da ashirin na ƙarshe hawan tudu ne. Ta saro gora ta kafa layi biyu a tsakar gida yadda ta ga an yi a asibiti. Ta zaro guntun igiyar nan da ta tsinke da shi, ta ɗaura masa a ƙugu, ta riƙe bakinta ta baya. Ranar farko da ya miƙe tsaye ihun da ya yi sai da karnukan ƙauye suka amsa. Da safe ta gasa masa cinyar da tsumma mai zafi, ta lanƙwasa gwiwar ta miƙe sau ashirin yadda Marleni ta nuna mata, yana zaginta yana zagin Marleni yana zagin duk wanda ya fara shuka aguaje. Tukunyar wake ba ta sauka daga wuta ba, kifi sau huɗu a wuni, ƙwaya ɗaya safe ɗaya yamma, duka lami ba gishiri. Ita ma hakan take ci, don kunyar ta tauna mai daɗi a gabansa.

Bayan mako guda ya sauka daga tsani da mazaunai, ya yi taku goma sha biyu a kan hanya da sanduna. Daga nan sai ta fito da dabara. Ta fiƙe turke ta ɗaura masa jan ƙyalle, kullum da safe ta kafa shi inda take so ya kai, da rana ta tafi kogi wanki, da yamma in rana ta yi sanyi su fita.

A rana ta biyu ta kafa turken a taku ashirin. Da suka fito da yamma tana ƙirgawa, ashirin ta wuce ba su iske shi ba, sai a ashirin da bakwai. Liborio ya kai hannu ya dafa shi, nan ƙafar ta ce ta gama. Ta ce a ranta ita ce ta yi kuskuren ƙirga. Washegari ta kafa a talatin da biyar, ta ja layi a ƙasa da yatsa don shaida. Da yamma layin yana nan, ramin yana nan, turken yana gaba da taku tara.

Kai tsaye ta wuce gidan Zenaida, ƙanwar Liborio, wadda gidanta ke kallon hanyar, mai bakin da ba ya kwana da magana.

"Ke, in wasa kike ji ki nemi sa'arki. Wa ya aike ki taɓa mini turke?"

"Wane turke kuma, matar yaya? Ni da nake fama da rogon da ya ƙi jiƙa? Ko dai rashin gishirin ne ya fara taɓa miki kai?"

"Kina zaune a nan wuni guda, ba ki ga kowa ba?"

Zenaida ta ajiye rariyar hannunta, dariyar ta ragu a fuskarta. "Ban ga kowa ba. Amma tunda kin tambaya, wa ke shan baƙar taba a gidanku da tsakar rana? Warin har nan yake zuwa. Na ce ko yayana ne ya fara, in zo in ci masa mutunci."

A gidansu kuwa ba mai shan taba, ba a taɓa yi ba.

Kwanaki suka ja, naman cinya ya fara dawowa, kogi kuma ya fara hawa. Da Orfelinda ta ga ruwa ya cinye matakala biyu na mashaya sai gaggawa ta kama ta. Jiya ya yi taku ɗari, yau ta kai turken ɗari da hamsin. Da yamma suka iske shi an dawo da shi baya, a ɗari da goma. Ta ciji leɓe ta ce za su wuce shi. Suna isa wurin cinyar ta kama ɓari kamar ta ɗan akuya sabon haihuwa, da sun ƙara taku biyar da ya kife. Ko wane ne ke matsar da turken nan, ya fi ta sanin ƙafar mijinta.

Sai ta ce yau sai ta gani da idonta. Ta ɗauki kwandon wanki kamar kullum, ta zaga ta bayan gida ta laɓe cikin kurmin ayaba, inda take hango turken da gidan duka. Rana ta take tsaka. Tsuntsaye suka yi tsit, ƙwari suka yi tsit, ko ganye ba ya motsi, har bugun zuciyarta take ji a kunne. Sai warin ya zo, baƙar taba mai kauri, kamar an busa mata a ƙeya. Daga cikin gida ta jiyo muryar Liborio yana magana ƙasa-ƙasa, ya yi shiru, ya yi 'yar dariya, ya sake magana. Ta juya kai wajen gidan, bai fi ƙiftawar ido biyu ba. Da ta juyo, turken ba ya inda yake. Yana can gaba, jan ƙyallen yana lilo alhali ba iska, ramin da aka zare shi kuma ruwa yana tsattsafowa a ciki.

Yadda ta hau tsanin ba ta sani ba. Liborio shi kaɗai ne, yana kwance a kan tabarma yana ɗaga ƙafar yana saukewa. "Sha takwas. Na ji, na ji, ba zan yi ha'inci ba. Sha tara." Kujerar nan 'yar tsugunno tana gefensa na hagu, ita kuwa a bakin murhu ta bar ta.

"Har kin gama wankin?" in ji shi.

"Na manta sabulu."

Ba ta tambaye shi komai ba. Da wane baki? In ta tambaya, ta tona kanta. Tsoro ne ya cika ta fal, tsoro irin wanda ba ta taɓa ji ba. Ta yi wa mamaci ƙarya, ta sa masa magana a baki, ga shi mamacin ya taso ya karɓi aikin. An ce ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, to tata ta yi, kuma ba ta san me za a ce ta biya ba. Ranar Lahadi ta kunna kyandir a coci ta roƙi gafara, amma ba ta roƙi a kore shi ba, don ƙafar tana warkewa.

Daga ranar ta lura da wani abu kuma. Liborio ya ajiye sandar hagu, da ta dama kaɗai yake tafiya. Hannunsa na hagu kuwa a ɗage yake, a lanƙwashe, daidai tsayin kafaɗar gajeren mutum. In ƙafar ta karkace sai ta ga nauyinsa ya tafi can, kan iska, kuma bai faɗi ba. Tana bayansa riƙe da igiya tana kallon yadda hannun rigarsa ke tattarewa a gwiwar hannu, wuri huɗu a jere, kamar sawun yatsu. Sai ta mayar da idonta kan ƙasa ta ci gaba da ƙirga.

Saura matsala ɗaya, gishirin da ta ce yana hannun tsohon. Da turke ya kai ɗari biyar da ashirin, gindin tudu, ta lissafa saura kwana huɗu ko biyar. Ta ɗebi gishiri ta ƙunshe a ganyen ayaba, ta zare jan zare daga bakin siket ɗinta ta ɗaure, ƙulli uku, ta cusa a ƙirjin rigarta. Niyyarta gobe ta hau tudun ita kaɗai ta ajiye a kan kabarin ta rufe da ɓawon ƙwarya.

Gari ya waye da ruwan sama, kogi ya yi tsalle ya malalo cikin kwarin da hanya ke ratsawa. Da ruwan ya tsagaita ta leƙa ta taga tana neman turke a gindin tudu, babu shi. Sai can sama, tsakanin gicciyen kaburbura, ta hango ɗan jan abu yana kaɗawa. Ta juyo, ga Liborio tsaye da hularsa, ya riga ya ɗaura igiyar a ƙugu da kansa.

"Yau ne, Tsohuwa. Gobe ba hanya."

"To bari in leƙa gona in dawo."

"Ba inda za ki. Riƙe igiya."

Suka fita, ƙunshin yana ƙirjinta kamar garwashi. Ta ce a ranta in sun isa za ta faki idonsa ta yar. Mutanen ƙauye suka fito bakin ƙofofinsu, suna kallo, har da Zenaida. A taku ɗari uku suka shiga ruwa, ya kai idon sawu, ya kai ƙwauri. Laka tana riƙe ƙafa, Liborio yana nishi yana zarowa. A tsakiyar kwarin Orfelinda ta taka saiwa ta zame, ta tafi za ta kifa da fuska, kuma ta san in ta faɗi da igiyar a hannu sai ta jawo shi. Wani abu mai sanyi ya tare ta a ƙirji ya mayar da ita tsaye. Ta ce, "Yesu!" Liborio bai waiwayo ba.

Tudun ne ya kusa kashe su. Taku goma ya tsaya, taku biyar ya tsaya, gumi yana zuba daga gemunsa. Sau ɗaya ya ce, "Ba zan iya ba," ba da ita yake ba. Ya saurara, ya yi tsaki, ya ce, "Kai ma ai ka faɗo daga itace sau biyu, kada ka yi mini gori," ya ɗaga ƙafa.

Ɗari shida da arba'in. Turken yana kafe a gefen gicciyen katako mai sunan Don Artidoro. Komai a jiƙe yake sharkaf, ƙasa da ciyawa da busassun furanni. A tsakiyar kabarin kuwa ga ƙunshin ganyen ayaba, busasshe ƙamas, ko ɗigo bai taɓa shi ba. Jan zare ne a jikinsa, ƙulli uku.

Orfelinda ta dafe ƙirji. Ƙunshinta yana nan, tana jin tudunsa a ƙarƙashin riga.

Liborio ya jingine sanda. A hankali ya lanƙwasa gwiwar nan da ta fi wata uku ba ta san durƙuso ba, ya durƙusa, ya kwance zaren, ya dangwala ya kai harshe. Ya rufe ido. Hawaye suka gangaro masa har cikin gemu, ita ma nata suka zubo, don daɗi da tsoro sun haɗe mata wuri ɗaya ta rasa wanne za ta ji.

"Zo ki lasa," in ji shi. "Ke ma kin daɗe."

Ta lasa. Gishirin ɗakin girkinta ne, har da ɗan warin hayaƙin murhunta.

"Tsoho, ni fa ban yi mafarki ba."

"Na sani. Ke da munshari kamar injin jirgi, ta ina mafarki zai shiga?"

"To me ya sa ka tashi?"

"Yana tsaye a bayanki lokacin da kike sharawa. Tun ranar da aka binne shi yake zuwa da rana in kin tafi wanki, ya zauna ya yi ta kallona, bakinsa ba ya buɗewa. Sai ranar da kika yi magana da yawunsa sannan ya samu ta cewa. Ya ce, 'Bi ƙaryar matar nan, ta fi ni dabara.'" Ya share ido da bayan hannu. "Ya ce in gaya miki waken ƙarinki ne, shi bai taɓa halatta wake ba. Amma ya yafe."

Ta zaro abin da ke ƙirjinta. Ganyen ayaba ne, amma ba jan zare, da zaren fatsa aka ɗaure shi, ƙullin masunta. Ta warware. Guntun baƙar taba ne, gefe ɗaya da sawun haƙora, ɗaya gefen da ɗumi.

"Ai dole gishirin ya bi ta hannunsa," in ji Liborio. "A cikin ruwan nan ya karɓa."

Ya dafa gicciyen ya miƙe. Ya kwance igiyar daga ƙugunsa ya naɗe ta ya miƙa mata, ya ɗauki sandarsa ya juya ya fara gangarawa. Tana tsaye tana kallon bayansa. Yana ɗingishi, yana dogara sanda, amma hannunsa na hagu a sake yake, yana lilo a gefensa kamar na kowa.

Ta sunkuya ta ajiye tabar a kan kabarin, ta gyara murya.

"Na gode, Don Artidoro. Allah ya saka. Amma don girman Allah kada ka ƙara zuwa gidana."

Daga ƙasan tudu muryar mijinta ta taso, irin ta da, mai cika kogi. "Tsohuwa! Ƙwai shida za ki soya mini, da mai, da barkono! Ki cika gishiri!"

Ta tattare siket ta bi shi. A bayanta ta ji ƙarar ashana, ƙyas, sannan warin nan ya biyo iska. Ba ta waiwaya ba. Idonta yana kan ƙafar hagun Liborio da ke shiga ruwa tana fita, bakinta kuma ya ci gaba da ƙirga mata taku har suka isa gida.